Tulun Masu Wuta

Ni ce Kartiyani, matar marigayi Kesavan mai kwale-kwale. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa zama a aji ba, igiyar ɓawon kwakwa na yi ta murɗawa har tafin hannuna ya daina jin ƙaya. Abin da zan faɗa kuwa na gan shi da idona, na shaƙe shi da hancina, har yau in na tuna sai yawu ya cika mini baki in nemi inda zan tofar.

Tun ina amarya aka gaya mini ni mai wuta ce. Tsohon waidiya, mai maganin garinmu, uban wannan na yanzu, shi ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce wa uwar mijina, "Wannan yarinya pitta ce zalla. Kada ku bar ta da yunwa, kada ku tura ta aiki a tsakar rana, kada kuma ku yi mata ƙarya, don za ta gane." Ya ce wani iska ce ta fi yawa a jikinsa, wani majina, wani wuta. Mai wuta gumi ba ya barinsa, furfura na zuwa masa da wuri, yunwa na sa shi faɗa. Amma wutar nan ce ke dafa abinci a ciki, ita ke wasa ido da hankali, sai in ta yi yawa ne take ƙona mai ita. Mutumin kirki ne tsohon nan. A bakinsa maganar ba zagi ba ce.

A bakin ɗansa Damodaran ta zama sandar dukana. Shi ne ya rushe rumfar ubansa ya gina gidan baƙi mai ɗaki goma sha biyu a bayan shingenmu, inda mutanen birni da na ƙasashen waje ke zuwa a watan Karkidakam, lokacin da sama ba ta ɗauke ruwa, a shafe su da mai, a ba su maganin wankin ciki. Ɗana Sadanandan shi ke tuƙa masa jirgin ruwan ɗauko baƙi. Tun daga nan, in na ce hayaƙin tukwanensu na shigo mana ɗaki, sai a ce pitta ce. In na ce an sare mini reshen mangwaro, pitta ce. Ko kare ya cije ni na yi ihu, cewa za su yi a ba tsohuwa man shanu ta huce.

A yankinmu ba mai shan ɗanyen ruwa, kowa ya sani. Da safe a ɗora babbar tukunya, a jefa busasshiyar citta, ruwa ya tafasa, shi za a yi ta sha da ɗumi har dare. Haka uwata ta yi, haka na yi shekara hamsin, ni ke jan ruwan a rijiyarmu ni ke tafasawa.

To, kafin damina jikata Minakshi, 'yar shekara bakwai, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Uwarta Ambika ta kai ta wurin Damodaran, na bi su. Ya kama hannun yarinya, ya lumshe ido kamar yadda ya ga ubansa na yi, sai ya kwashe da dariya.

"Kakarta sak! Ambika, sannu, tanderu biyu kika samu a gida ɗaya."

"To ni me zan yi, Waidiya?" in ji Ambika.

"Me take ci?"

"Abin da Inna ta dafa."

"Shi ke nan. Barkono, tsamiya, kifi. Sannan ku bi ta da ruwan citta mai zafi. Kuna hura wuta kuna tambayar me ya kawo hayaƙi. Daga yau ba kifi, ba yaji, ba tsami. Ruwan zafin nan kuma ku bar wa masu sanyin jiki. A sayi sabon tulu, a jefa saiwar jema, a zuba ruwan rijiya yadda aka jawo shi, da sanyinsa. Ita da kakarta su sha. Yaya Kartiyani, kin ji ko? Ko ke ma ya rage miki masifa." Ya shafa sanƙonsa da ke ƙyallin gumi. "Ni ma ai ɗan'uwanku ne, mai wuta ne ni, na san abin da nake faɗa."

Aka sayo tulu aka girke shi a inuwar ɗakin girki. Ruwan kuwa da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ƙamshin jema na dukan hanci tun kafin ka kai baki. Minakshi ta sa masa suna tulun masu wuta. In ubanta ya miƙa hannu sai ta doke shi ta ce, "Baba, kai mai majina ne, je ka sha naka." Mu biyu kaɗai ke shan tulun nan. Sadanandan da Ambika suna kan tafasasshensu.

Ruwa ya sauko, gidan Damodaran ya cika da baƙi. Cikina ya fara murɗawa, ina zaga bayan gida sau biyar sau shida. Na aika masa, ya aiko cewa haka cikin mai wuta yake, in ƙara shan ruwan tulu.

Yanzu ga laifina, ba zan ɓoye ba. Wata rana na dafa rogo da jar miyar kifi, Sadanandan yana ci yana gumi, yarinya tana zaune da farar shinkafa da tsala a gabanta, hawaye na ɗiga a kwano. Da iyayen suka fita na tsinko mata tsoka ɗaya, ba ta kai babban yatsana ba, na wanke yajin da ruwa na sa mata a baki. Shi ke nan abin da na yi.

Bayan kwana goma ta daina cin abinci. Sai amai. Wata safiya na ɗaga fatar idonta na ga ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinta kamar baƙin shayi. Shawara. Damodaran ya zo da kansa, da lemarsa da jakarsa, ya duba ido ya duba harshe.

"Wuta ta yi ambaliya," in ji shi. "Wani ya karya doka a gidan nan. 'Yata, gaya mini gaskiya, me kika ci?"

Yarinya ta dube ni, ta dubi uwarta. "Kaka ta ba ni kifi. Ɗan kaɗan."

Ya rufe jakarsa a hankali. "To, kun ji. Ni na yi nawa. Jinin na kakar ne, hannun ma nata ne."

Ambika ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta naɗe kayan yarinya a zane, ta ce, "Inna, ni 'ya ɗaya gare ni. Ba zan zauna ki dafa mini ita ba." Sadanandan ya ɗauke su a jirgi ya kai su gidan uwarta a ƙetaren tafki. Ko bakin ruwa ba su bar ni na raka ta ba.

Mako uku na zauna da wannan magana a wuyana, na kuma yarda da ita, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Labari na zuwa cewa yarinya na samun sauƙi a can, kowa na cewa, kun gani, tunda ta bar hannun tsohuwa. Matan da muka murɗa igiya tare shekara talatin, in na wuce sai su ja jikokinsu gefe, kamar ina yawo da kifi a ƙugu.

Saiwar jema ta ƙare a tulu, ban ma yi tunanin sayo wata ba. Na tsame tsohuwar na yar, na ɗauraye tulun, na cika shi, na rufe. Kwana biyu ban taɓa shi ba. Rana ta uku na ɗaga murfi zan sha.

Wallahi sai da na ja da baya na dafa bango. Warin masai ne, ba na laka ba, ba na ganye ba, masai sak, da wani ƙauri na tsohon mai a bayansa. A saman ruwan ga wani maiƙo yana sheƙi. Na je rijiya na jawo guga na sa hanci. Yana nan, a kwance ƙasa-ƙasa, wanda ke tafasawa da citta ba zai taɓa ji ba, wanda aka toshe wa hanci da jema ma haka. Na bi warin da ƙafa cikin ruwan sama har shinge, na ture ganyen ayaba na leƙa.

Rami mutanen Damodaran suka haƙa a can, taki goma sha biyu daga bakin rijiyata, na ƙirga daga baya. Duk abin da baƙi goma sha biyu suka sauke bayan an ba su maganin wankin ciki, duk aman da aka sa su suka yi, duk man da aka kankare daga bayansu, can yake zuwa. Bututu ɗaya na tsiyaya, wata mai aiki na juye bokiti. Ruwan sama ya cika ramin ya tumbatsa, abin ya malale cikin ciyawa, rawaya-rawaya, yana kumfa, ƙudaje sun yi masa baƙin mayafi, yana gangarowa ta ƙarƙashin shinge. Wannan na yi ta ɗura wa jikata da kofi, ina cewa sha, 'yar nan, magani ne. Na durƙusa a wurin na yi amai har sai da ciki ya ƙafe.

Da Sadanandan ya dawo cin abinci na dangwara masa tulun a gaba. "Shaƙa."

Ya ɗan kai hanci ya kau da kai. "Inna, damina ce. Kowace rijiya haka take."

"Ƙarya kake, ka ji abin da na ji. Tashi in nuna maka ramin ubangidanka."

"Don Allah, Inna, ki bar ni in ci abinci. Mu ma ruwan nan muke sha, me ya same mu? Ke da ita kaɗai, masu jini ɗaya. Waidiya ya ce mai wuta in ta hau kansa komai wari yake masa."

"To kai ma wari kake mini, tun daga nan."

Ya tashi ya bar shinkafar. Na san abin da ke damunsa, tsoron rasa aikin jirgin nan ne. Na haifi namiji ya zama igiyar ɗaure jirgin wani.

Na tafi wurin Damodaran da kaina. Na same shi a baranda yana wa wata farar mata bayani, tana zaune da mai a ka tana gyaɗa kai. Na ce masa raminsa na zuba a rijiyata. Ko tashi bai yi ba.

"Yaya Kartiyani, dubi idonki, ja wur. Kawo hannun."

"Ba hannu na kawo ba, magana na kawo."

"Maganar ai daga hannun take fitowa. Laifin da kika yi ne ke cin ki, kina neman inda za ki sauke. Zo jibi da safe in ba ki maganin wankin ciki, kyauta, saboda maƙwabtaka. In wutar ta fita za ki ga duniya ta daina wari."

"In ta fita ta tafi ina, Damu? Cikin ramin? In koma gida in jawo ta a guga?"

Na kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa lokacin da nake share masa majina. Ya yi murmushi ya ce wa farar matar wani abu da yarensu, ta dube ni da tausayi. Ina jin cewa ya yi ga misalin abin da yake koya mata.

Na koma gida na rufe tulun da faranti na ɗora dutse. Ban zubar ba.

A ƙarshen Karkidakam Damodaran kan dafa kunun magani ya raba wa gari, don a ce ya gaji ubansa. Ana kafa rumfa a gaban gidansa, Lilamma wakiliyar unguwarmu a majalisar ƙauye ta zo ta yi jawabi, kowa ya zo da kwanonsa. Na san Ambika za ta zo karɓar wa yarinya magani. Ranar da hantsi na ɗauki tulun a ƙugu, na sa kofi a bakin zane, na tafi.

Na tarar yana tsaye kusa da tukunya yana wa mutane bayanin iska da majina da wuta, gumi na tsiyaya daga sanƙonsa har cikin kunne. Na ratsa layi na ajiye tulun a kan tebur, dab da ludayinsa.

"Ga ta nan ta iso," in ji wani daga baya. "A matsa da ashana."

Aka yi dariya. Na bari suka gama.

"Waidiya, tambaya gare ni, ni jahila ce. Kai wane jiki gare ka?"

"Kowa ya sani, Yaya. Irin naki. Sai dai ni na iya riƙe tawa."

"Mai wuta in yana tsaye kusa da murhu yana gumi haka, wane ruwa ya kamata ya sha?"

Ya ga inda na nufa, amma mutum ɗari na kallonsa, kuma yanzu ya gama faɗa musu. "Mai sanyi," ya ce.

"Na tulu? Na rijiya yadda aka jawo shi, ba a tafasa ba? Yadda ka ce mu sha ni da Minakshi?"

"Da saiwar jema."

"Jemar magani ce ko ƙamshi?"

"Tana sanyaya jiki."

"To ga ta." Na kwance wata sabuwa daga bakin zane na ajiye. "Jefa da hannunka. Amma ka fara kurɓar ruwan tukuna, mu gani."

Na ɗage dutsen, na ɗage farantin. Kwana tara ruwan nan ya yi a rufe. Matar da ke gaban layi ta toshe hanci da gefen mayafi, na bayanta ya ce, "Kai! Wa ya yi wannan aika-aika?" Na cika kofi na miƙa masa har ya kusa taɓa leɓensa.

"Sha, Damu. Maganinka ne. Jikata ta sha wata biyu, kai kurɓa ɗaya nake roƙo."

"Ruwa in ya kwana a rufe dole ya canza," ya ce, yana ja da baya. "Kowa ya san haka. Sadanandan, zo ka kama uwarka, abin ya hau mata kai."

"To mu je rijiyar, ga ta nan bayan shinge, in jawo maka sabo. Shi za ka sha?"

Ya ɗauki ludayi, ya ajiye, ya goge hannu a zanensa. Sadanandan yana tsaye a bakin rumfa, kansa a ƙasa, bai zo ya kama ni ba, bai kuma zo ya tsaya kusa da ni ba.

Lilamma ta miƙo hannu ta karɓi kofin. Mace ce mai son a ce komai lafiya, amma hanci ba ya siyasa. Ta shaƙa sau ɗaya ta ajiye da sauri har ya fantsama a tebur. "Yaya, ina ramin da kike faɗa?"

Na wuce gaba, rabin rumfa suka biyo ni da kwanukansu a hannu. Na ture ganyen ayaba. Ba sai na yi magana ba, ƙudaje suka tashi suka yi mini. Wani dattijo ya dubi kunun da ke kwanonsa, ya dubi ramin, ya kifar a ƙasa. Lilamma ta taka daga ramin zuwa shinge tana ƙirgawa, ta fito da wayarta ta kira ma'aikatan lafiya a tsaye a wurin.

Ni ba su nake kallo ba, Ambika nake nema. Na same ta ta koma rumfa ita kaɗai, tana tsaye a gaban tulun, kofin a hannunta, fuskarta ta yi fari.

"Ni na sayo tulun nan," ta ce. "Ni na ɗauko shi a kaina daga kasuwa."

"Ni kuma na cika shi. Ba wannan na zo ji ba." Na juya ga Damodaran, wanda ke ƙoƙarin sulalewa ciki. "Kai, dawo. A gabanta ka ce hannuna ne. A gabanta za ka janye."

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Kifin ma ai bai taimaka ba."

"Damu."

"Wataƙila ruwan ne," ya ce, ciki-ciki.

"Ba mu ji ba," in ji matar da ta toshe hanci ɗazu, wadda makon jiya ta janye jikanta daga hanyata.

"Ruwan ne," ya ce, ya shige.

Ma'aikata sun zo sun ɗebi ruwa a kwalba, sun ce kada a taɓa rijiyar sai sun sake zuwa. An kawo mota ta zuƙe ramin, warin ya yi kwana uku a unguwa, aka cike shi da ƙasa. Ruwa yanzu daga famfon bakin hanya nake ɗebowa, da wannan gwiwar tawa. Damodaran bai tako gidana ba, bai ce yi haƙuri ba, baƙinsa ma ba su ragu ba. Sadanandan na nan kan jirginsa, yana cin shinkafata ba ya iya haɗa ido da ni. Na sa Lilamma ta rubuta takarda cewa a haƙa mini sabuwar rijiya, na dangwala yatsa, kuma duk Litinin ina zuwa ofishinsu in zauna a benci har su gaji da ganina. Su ma sun fara cewa pitta ce. Su ce.

Ranar Alhamis da la'asar na ji ƙarar jirgi a bakin ruwa. Ambika ce ta fara saukowa da ƙunshin kaya, sannan Minakshi, ta rame kamar sillen tsintsiya, amma idon fari tas, sai da na ɗaga fatar na duba. Ta shiga ɗakin girki ta tsaya inda tulun yake a da.

"Kaka, ina tulunmu?"

"Na fasa shi."

"To masu wuta me za su sha?"

Na nuna mata tukunyar da ke tafasa a murhu. Ta ɓata fuska. Ambika ta kwance ƙunshinta ta fito da kifi naɗe a ganyen ayaba ta ajiye mini a kan dutsen niƙa.

"Ba yau ba," na ce. "Hantarta ba ta gama warkewa ba, sai likita ya ce. Ke kuma Minakshi, matsa, kin tare mini wuta."